Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamitocin Gyaran Tsarin Mulki: Da Wane Mudu Aka Auna 774?

Masu girma sanatoci da 'yan majalisar wakilai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya yi riƙo da hannayenku a wannan aiki da aka ɗora muku.

Ni tsohon malamin firamare ne. Shekara 35 na yi ina riƙe da alli kafin na ajiye. Ban taɓa neman ko kujerar kansila ba, ba na kuma cikin wata ƙungiyar neman sabuwar ƙaramar hukuma, ko da yake an sha kawo mini takarda har gida a ce in sa hannu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda na ga ana tururuwa zuwa zaurukan jin ra'ayin jama'a da kuke shiryawa, kowace tawaga da hakiminta a gaba da kundin buƙata a hammata, kowa na roƙon a yanka masa tasa. Ban ga laifinsu ba. Wanda yake tafiyar yini guda kafin ya ga rufin sakateriya yana da hujjar yin kuka. Tambayata gare ku guda ce: idan kun zauna za ku tace waɗannan buƙatu, da wane mudu za ku auna? Domin ƙananan hukumomi 774 ɗin da muke da su a yau, na daɗe ina neman mudun da aka auna su da shi, ban same shi ba.

Da can akwai mudu. Gyaran 1976, wanda ya kawo ƙarshen zamanin En'e, wato mulkin gargajiya na sarakuna, ya fito da ƙananan hukumomi 301, kuma ya zo da ƙa'ida a rubuce: kada jama'ar ƙaramar hukuma su gaza 150,000, kada kuma su haura 800,000. Ko mutum bai yarda da adadin ba, ya san inda aka tsaya. Da aka dawo mulkin farar hula a 1979 gwamnoni suka shiga daddatsa su kamar ana rabon naman layya, har sai da gwamnatin Janar Buhari ta zo ta mayar da su 301 a 1984. Daga nan Janar Babangida ya yi ta ƙari har suka kai 589 a 1991, Janar Abacha ya cike su 774 a 1996. An kafa kwamiti, ya zagaya ya karɓi buƙatu, amma hukuncin ƙarshe a majalisar mulkin soja aka yanke shi, kuma dukanmu da muka yi wayo a lokacin mun san garin da yake da ɗa mai tauraro a kafaɗa bai cika rasa hedikwata ba. Sai Tsarin Mulkin 1999 ya kwashe sunayen nan kaf, ya jera su a Jadawali na Farko, ya sa kwaɗo ya kulle.

Kun fi ni sanin irin kwaɗon. Sashe na 8 ya ce kafin a ƙirƙiro sabuwa sai kashi biyu bisa uku na wakilan yankin sun nema, a yi ƙuri'ar raba gardama a samu kashi biyu bisa uku, yawancin majalisun ƙananan hukumomin jihar su amince, majalisar jiha ta amince da kashi biyu bisa uku, sannan a kawo muku ku yi dokar da za ta shigar da sunan cikin jadawali. Tun daga 1999 zuwa yau ko ɗaya ba ta tsallake wannan siraɗi ba. Abin da soja ya yi da sanarwar rediyo ta dare ɗaya, farar hula sun kasa taɓa shi cikin fiye da shekara 25. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba. Sashe na 7 kuwa, inda aka faɗi abin da za a duba wajen shata iyaka, ya ambaci maslahar al'umma da alaƙar gargajiya da sauƙin gudanar da mulki. Bai ce uffan a kan yawan jama'a ko faɗin ƙasa ba.

Yanzu ku dubi abin da aka kulle. A ƙidayar 2006 an samu mutum miliyan 140 da ɗoriya. Idan aka raba wa 774, kowacce za ta tashi da wajen 181,000. To amma Alimosho ta Jihar Legas ita kaɗai ta tashi da kusan miliyan 1.3, yayin da Jihar Bayelsa gaba ɗayanta, da gwamnanta da sanatocinta uku da ƙananan hukumominta 8, take da miliyan 1.7. A can ƙasan jerin kuma akwai Bakassi mai mutum dubu talatin da 'yan kai, wadda ma yawancin ƙasarta ta koma hannun Kamaru. Ciyaman ɗaya ne a Alimosho, ciyaman ɗaya ne a Bakassi, kuma a idon doka kujerarsu ɗaya ce.

Ta fuskar faɗin ƙasa abin ya fi haka ban mamaki. Borgu ta Jihar Neja ta haura murabba'in kilomita 11,000, wato ta ninka Jihar Legas baki ɗaya wajen sau uku. Toro ta Bauchi, wadda mutane da yawa suke ɗauka ita ce mafi girma, ta kusa 7,000. Maru ta Zamfara da Birnin Gwari ta Kaduna kowacce ta wuce 6,000. A ɗaya gefen kuma, Dala da ke tsakiyar Kano ba ta kai murabba'in kilomita 20 ba, amma a 2006 mutum fiye da 400,000 aka ƙirga a cikinta. Ajeromi-Ifelodun ta Legas ta fi Dala ƙanƙanta, jama'arta kuma sun kusa 700,000. Kansila a Dala zai iya zagaye mazaɓarsa da ƙafa tsakanin la'asar da magariba. Mutumin Ɗansadau kuwa, in yana da buƙata a hedikwatar ƙaramar hukumarsa, sai ya yi tafiyar wajen kilomita 100 ya fito Gusau, babban birnin jiha, sannan ya sake hawa wata mota zuwa Maru. Gidan gwamnati ya fi ofishin ciyamansa kusa da shi. Wannan ita ce gwamnatin da littafin da na koyar da yara ya ce ita ce mafi kusa da talaka.

Na san abin da ke faruwa duk lokacin da aka tayar da wannan magana a zaurenku. Ɗan Legas zai miƙe ya ce Kano na da 44, an kuma cire Jigawa daga cikinta a 1991, ga ta yau da 27, jimilla 71, alhali Legas na nan da 20, ga shi kuwa ƙidayar 2006 ta ba Kano miliyan 9.4, ta ba Legas miliyan 9.1. Ɗan Kano zai miƙe ya ce a je a auna faɗin ƙasa. A yi ta musayar yawu, a tashi baram-baram, a jingine maganar sai wata majalisar. Ni ɗan Arewa ne, kuma ba zan ɓoye ba, kukan Legas yana da tushe. Ƙaramar hukuma mai matsakaicin mutum 450,000 ba daidai take da mai 210,000 ba, ko wane ne ya yi lissafin.

Sai dai wannan cacar baki ta Kudu da Arewa ta rufe mana ido daga wani abin da ya fi kusa da hancinmu. Ku ajiye Legas da Kano a gefe, ku ɗauki Zamfara da Osun. Jama'arsu a 2006 kusan kai ɗaya ne, Osun miliyan 3.4, Zamfara miliyan 3.3. Faɗin Zamfara ya ninka na Osun wajen sau huɗu. Osun na da ƙananan hukumomi 30, Zamfara na da 14. Ko ku dawo cikin gida tsakanin maƙwabta. Kaduna ta fi Katsina jama'a a waccan ƙidaya, miliyan 6.1 da miliyan 5.8, ta kuma fi ta faɗi nesa ba kusa ba, amma Katsina 34, Kaduna 23. Bauchi ta fi Jigawa jama'a, ta ninka ta a faɗi, amma Jigawa 27, Bauchi 20. Babu wani ɗan Kudu da ya yi wa Bauchi wannan. Ba na kuma cewa a ƙwace wa Katsina ko Jigawa komai, Allah ya sa musu albarka a abin da suka samu. Ina nuna muku ne cewa duk ta inda aka juya taswirar nan, babu ƙa'ida ɗaya da za ta bayyana ta.

Da a ce adadin nan suna ne kawai a takarda, da ban ɓata muku lokaci ba. Matsalar ita ce mun mayar da 774 kwanon awon komai. Daga Asusun Tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. In an zo raba wa ƙananan hukumomin nasu kason, kashi 40 cikin ɗari raba-daidai ake yi, yawan jama'a ya ɗauki 30, faɗin ƙasa da yanayinta 10, sauran 20 a raba tsakanin ci gaban al'umma da ƙoƙarin tara kuɗin shiga. Ma'ana, kaso mafi tsoka ana bayar da shi ne don kawai sunanka na cikin jadawali. Jihar da aka daddatsa da yawa tana ɗiban wannan kaso sau da yawa kowane wata, kuma haka ake yi tun kafin a haifi da yawa daga cikin waɗanda za su kaɗa muku ƙuri'a a zaɓe mai zuwa.

Abin bai tsaya a kuɗin wata-wata ba. Lokacin da gwamnatin tarayya ta ɗauki matasa 774,000 aikin wucin gadi a 2021, mutum 1,000 aka ba kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata na tsawon wata uku. Dubu ɗaya a Alimosho, dubu ɗaya a Bakassi. A zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa a 2022, APC wakilai uku-uku ta ɗauka daga kowace ƙaramar hukuma, PDP ɗaya-ɗaya. Wato taswirar da soja ya zana tana da hannu a cikin wanda zai zama shugaban ƙasa. Haka guraben ɗaukar jami'an tsaro, haka buhunan tallafi, haka taki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin rabon taki a babbar ƙaramar hukuma ya san ma'anar raba-daidai: a wani wuri manomi ya tafi da buhu, a wani wuri mutum goma su raba buhu ɗaya da kwano.

Ni na yi aikin ƙidayar 2006 da hannuna, shi ya sa alƙaluman nan ba baƙi ba ne a wurina. A watan Maris aka yi ta, ana tsakiyar zafin bazara. Yankin da aka ba ni da abokin aikina yana can ƙarshen ƙaramar hukumarmu, inda mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. A babur muka tafi, da jakar fom a bayana da alli a aljihu. Muka ratsa wani rafi da ya ƙafe, muna tura babur cikin yashi har gwiwa, muka isa wani ɗan ƙauye mai gida bai fi ashirin ba. Mai unguwa ya shimfiɗa mana tabarma a gindin tsamiya, aka kawo fura a ƙwarya. Da muka fara, sai na lura yara maza sun ɓace. Can wani dattijo mai farin gemu ya matso, ya riƙe hannuna mai tawada, ya ce, "Malam, ka gaya mini tsakaninka da Allah, haraji ne zai dawo?" Na rantse masa ba haraji ba ne. Na ce ana ƙirga mutane ne domin a san yawan ajin da za a gina da yawan maganin da za a kawo. Ya yi shiru, sannan ya aika aka kira yaran daga bayan gari. Muka ƙirga su, suka dangwala, na rubuta lamba da alli a jikin ƙyauren kowane gida.

Dattijon nan ya rasu tuntuni, Allah ya jiƙansa. Yaran da ya kira daga bayan gari yanzu su ne masu gidaje, wasu da 'ya'ya biyar ko shida. Ƙauyen ya ninka, kuma har yau ajin bai zo ba. A takardun da ake raba arzikin ƙasa da su, ƙauyen nan yana nan yadda na bar shi a 2006, sai dai ɗan ƙarin da ake yi da ƙiyasi daga ofis. Duk lokacin da na tuna rantsuwar da na yi wa mutumin nan, sai in ji nauyi a ƙirjina.

Ƙiyasi kuwa ba ya ganin inda mutane suka koma. Yana ɗaukar adadin da, ya ƙara masa wani kaso a kowace shekara, kamar kowa na nan zaune inda aka bar shi. Alhali cikin shekarun nan ƙasar ta motsa. Birnin Kano ya tumbatsa ya malala cikin Ungogo da Kumbotso, inda gonakin Rijiyar Zaki da Bachirawa da Mariri suka zama unguwanni masu cunkoso. Rigasa, wadda mazaɓa ce guda a cikin Igabi, ta zama gari a cikin gari. Karu ta Jihar Nasarawa, da aka ƙirga mata dubu ɗari biyu da 'yan kai, ita ce yau take kwana da ma'aikatan Abuja a Mararaba da Masaka, kuma duk wanda ya taɓa maƙalewa a wannan hanya da sassafe ya san adadin nan ya zama tatsuniya. A Borno kuma rikici ya kwashe mutanen Abadam da Marte da Guzamala ya zuba su a Maiduguri da Jere na shekaru. A Zamfara da Katsina da Sakkwato ƙauyuka sun tashi sun koma hedikwatoci. Yaron da ya yi gudun hijira yana shan ruwa a wata ƙaramar hukuma, yana zama a ajinta, yana kwanciya a asibitinta, amma kasonsa na tafiya inda ya baro.

An sa ranar sabuwar ƙidaya a watan Mayun 2023, aka horar da ma'aikata, aka sayi na'urori, sannan aka ɗage ana saura kwanaki. Tarihinmu da ƙidaya dama ba mai daɗi ba ne. Ta 1963 ta jawo rigima, ta 1973 soke ta aka yi, ta 1991 da ta 2006 kowacce ta sha ƙorafi. Dalilin a fili yake: tunda kai shi ne kuɗi, kowa na son kansa ya fi yawa. Amma ku lura da wani giɓi da ke hannunku ku cike. Tsarin Mulki ya ce Hukumar Ƙidaya ta riƙa ƙirga jama'a lokaci-lokaci, bai ce duk shekara nawa ba. Shi ya sa kowace gwamnati take iya turawa gaba ba tare da ta karya doka ba. Ku rubuta shekara 10 ƙarara, ku sa kuɗinta ya fito kai tsaye ba sai an roƙi kowa ba, ku kuma raba ta da shekarar zaɓe. In wannan kaɗai kuka yi a wannan zagaye, kun yi aiki.

Wani zai ce ai Kotun Ƙoli ta riga ta gyara lamarin ƙananan hukumomi da hukuncinta na 11 ga Yulin 2024, inda ta ce a riƙa biyan su kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Na yi murna da hukuncin, domin na ga abin da asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ya yi mana. Na ga zamanin da ciyaman ba ya iya sayen kwalin alli sai ya je babban birnin jiha ya yi zaman jira. Ko da yake, in ɓera da sata, daddawa ma da wari, don mun ga ciyamomin da ba sa zuwa ofis sai ranar da kuɗi suka shigo. To amma ko an aiwatar da hukuncin nan ɗari bisa ɗari, abin da zai canza shi ne hannun da kuɗin ke bi. Yawan abin da za a zuba wa kowa yana nan a kan tsohon awo. Hasali ma 'yancin zai ƙara fito da bambancin fili, tunda ciyaman mai mutum miliyan da ciyaman mai mutum dubu sittin kowa zai tsaya da ƙafarsa, da ayyuka iri ɗaya da Jadawali na Huɗu ya ɗora musu: firamare, asibitin sha-ka-tafi, kasuwa, tasha, maƙabarta, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa.

Bari in ba ku misalin abin da nisa yake ci. Wata ɗalibata, yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa, ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya, aka ce ta kawo takardar shaidar 'yar asalin ƙaramar hukuma. Mahaifinta ya sayar da tiya shida ta gero ya yi kuɗin mota. Suka fita bayan sallar asuba, ɗan acaɓa ya kai su bakin titi, suka jira mota ta cika, suka isa sakateriya ana kiran azahar. Aka ce mai sa hannu ya fita, a dawo jibi. Ba su da inda za su kwana, ba su da kuɗin zuwa biyu. Sai da malaman makarantarmu muka yi karo-karo sannan suka koma, kuma saura ƙiris wa'adin ya wuce. Takarda ɗaya ce, mai hatimi ɗaya. Yaron da ke zaune a cikin birni da ƙafa zai je ya karɓo ta ya dawo ya ci abincin rana a gida. Amma shi ma ɗan birnin yana da nasa kukan: jikana yana wata firamare a gefen birni inda na leƙa aji ɗaya na ƙirga yara sun haura ɗari, a ƙasa suke zaune, malama na tsaye a bakin ƙofa don babu wurin da za ta taka. Ɗaya nisa ya cuce shi, ɗaya cunkoso, kuma duk mudun da zai auna ɗaya ya manta ɗaya bai cika ba.

Duk da haka, kada ku fahimce ni cewa ina roƙon ku buɗe ƙofa kowa ya shigo. Kowace sabuwar ƙaramar hukuma tana zuwa da ciyaman da mataimaki da sakatare da kansiloli da masu ba da shawara da motoci da sabuwar sakateriya, kuma duk daga tukunya ɗaya za a ɗiba, tunda kashi 20.60 ɗin ba ya ƙaruwa don an ƙara masu ci. Idan kuka ba kowane mai kuka tasa, za mu wayi gari da ƙananan hukumomi dubu biyu waɗanda ba sa iya komai sai biyan albashi. Mun kuma ga yadda ta kaya a Legas. A 2003 gwamnan jihar na lokacin, Bola Tinubu, ya ƙirƙiro 37 a kan 20 ɗin, Shugaba Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar, aka je Kotun Ƙoli. A Disambar 2004 kotu ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, amma ta ce sababbin ba su cika ba sai majalisarku ta shigar da su. Ba a shigar ba, suka koma yankunan raya ƙasa, kuɗin kuma sai zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'adua aka sake su. Shekara fiye da 20 ke nan ƙwallon tana ragarku.

Abin da nake roƙo shi ne ku fara ƙera mudun kafin ku fara awo. Ku mayar da ƙa'ida irin ta 1976 cikin Tsarin Mulki, da mafi ƙarancin jama'a da mafi yawa, ku ƙara mata abin da waccan ba ta kula da shi sosai ba, wato iyakar nisan da ya kamata ya kasance tsakanin ƙauye mafi nisa da hedikwata. Duk wadda ta haura ɗayan biyun, ta cancanci a duba ta, ko tana da babban mutum a Abuja ko ba ta da shi. Tsarin Mulki ya riga ya umarci hukumar zaɓe ta riƙa sake duba iyakokin mazaɓu lokaci-lokaci, to me zai hana a yi wa ƙananan hukumomi irin wannan tanadi bayan kowace ƙidaya? Na san akwai abin da ba wanda yake son ya furta, cewa ƙa'idar da ta ce a raba babba za ta iya cewa a haɗe ƙanana. Ban ce ku rushe ko ɗaya ba, don na san abin da hedikwata take nufi ga gari da sarautarsa. Amma za ku iya cire ribar da ke cikin yawan suna. Ku zauna da hukumar rabon arzikin ƙasa a rage kason raba-daidai, a ƙara wa yawan jama'a da faɗin ƙasa. Ranar da datsa ƙaramar hukuma biyu ya daina ninka kuɗi, za ku ga rabin kundayen da ke kan teburinku masu su sun zo sun janye da kansu, sai masu kukan gaskiya su rage.

Akwai kuma wani ƙaramin abu da ba ya buƙatar gyaran Tsarin Mulki. A wajabta wa kowace sakateriya ta kafa allo a bakin ƙofa, da harshen mutanen wurin, a rubuta yawan jama'arta da faɗinta da yawan makarantu da asibitocinta da abin da ya shigo mata a watan jiya. Na yi shekara 35 ina aiki a ƙarƙashin ƙaramar hukuma, ban taɓa ganin waɗannan alƙaluma a manne a bango ba. Sai bayan na yi ritaya, jikana ya buɗe mini su a waya.

Takardar da mutanen yankinmu suka kawo mini tana nan a cikin akwatina. Hujjarsu mai ƙarfi ce, kuma na tabbata in aka sa ƙa'ida ta gaskiya za su tsallake. Na ce musu zan sa hannu ranar da na ga ma'aunin da za a auna mu da shi, mu da na Ɗansadau da na Rigasa da na Alimosho. Shugaban tawagar, wanda ɗalibina ne a aji huɗu, ya yi dariya ya ce, "Malam, kenan sai dai jikokinmu su zo su karɓa." Na ce masa ya bar ta a wurina tukuna, zan rubuta muku.

Allah ya ba ku ikon yin adalci. Wassalam.

Naku,
Wani tsohon hedimasta, kuma ma'aikacin ƙidayar 2006